Sanin Ma'anar Salon Maganar Turanci Bai Isa Ba

Ɗalibai da yawa suna haddace salon maganar Turanci ne domin jarrabawar WAEC ko NECO, inda ake ba su jimla a ce su zaɓi ma'anar da ta fi dacewa. Wannan yana da amfaninsa, amma a ganina ya bar babban aikin a baya, domin kowane salon magana yana da wurin da ake faɗarsa da kuma wurin da faɗarsa za ta zama rashin ladabi.

A ɗauki "kick the bucket". Ƙamus zai ce ma'anarsa mutuwa, kuma haka ne, sai dai Bature ba ya faɗarsa sai cikin raha ko a kan wanda bai damu da shi ba. Matsayinsa ya fi kusa da "ya sheƙa barzahu" fiye da "ya riga mu gidan gaskiya". Wanda ya sa shi a wasiƙar ta'aziyya, yana ganin ya nuna gwaninta, ya ɓata wa masu makoki rai ne kawai, alhali "passed away" ya ishe shi.

"White elephant" kuwa ya zauna daram a jaridun Najeriya. Asalinsa daga ƙasar Siyam ne, wato Tailan ta yau, inda ake girmama farar giwa har ba a sa ta aiki. Ana ba da labarin cewa sarki kan yi wa bafaden da ya fusata shi kyautarta, domin ɗawainiyar ciyar da ita ta talauta shi, ga shi ba damar sayarwa ko mayarwa. Saboda haka ba kowane abu mai tsada ake kira da wannan suna ba. Sai wanda yake ta cin kuɗi ba tare da an mori komai ba. Shi ya sa marubuta suke yawan laƙaba shi ga kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka fara aikinsa tun ƙarshen shekarun 1970.

Haka nan "turn a blind eye", wanda ake dangantawa da Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, a yaƙin Kofanhegan na 1801, lokacin da aka ce ya ɗora madubin hangen nesa a idonsa da ba ya gani don kada ya ga umarnin janyewa. Ana faɗarsa ne ga wanda ya ga laifi ya kau da kai da gangan, ba ga wanda abin ya wuce shi bai lura ba.

Akwai kuma batun tsayuwar kalmomi, domin salon magana ba ya karɓar canji. Mu a nan mun saba da "more grease to your elbow", alhali a Ingila "power" ake cewa, ba "grease" ba. Mun kuma saba da "cut your coat according to your size", su kuwa "cloth" suke cewa, kuma nasu ya fi ma'ana, tunda yadin da mutum yake da shi ne ke iyakance ɗinki, ba girman jikinsa ba. Ba na ganin laifin amfani da namu a hira tsakaninmu, amma a takardar jarrabawa ko wasiƙar neman aiki, gara a rubuta yadda masu harshen suke faɗa.