Abin da na ɗauka daga rayuwar Yusuf Latif

Ina koyar da kiɗa a makarantar sakandare, kuma cikin mabusan da na bibiyi tarihinsu babu wanda ya taɓa aikina kamar Yusuf Latif, ɗan Amurka mabushin saksafon, wato wani abin busa na Turawa.

An haife shi a 1920, ya tashi a birnin Detroit, ya musulunta a wajajen 1950. Ya yi busa a ƙungiyar Dizzy Gillespie, daga baya ya shiga ta Cannonball Adderley, kuma duk mai bin kiɗan jaz ya san ba kowa ake ɗauka a nan ba. Sunan da ya yi bai hana shi komawa aji ba. Ya gama digirin farko a 1969 yana dab da shekara 50, ya yi digirin digirgir a 1975 a Jami'ar Massachusetts.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zamansa a Zariya. Daga 1981 zuwa 1985 yana Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana bincike a kan sarewar Fulani. Dattijo ya haura sittin, faifansa na yawo a duniya, ya zo neman sanin abin da makiyayi ke busawa a bayan shanu. Mu kuwa da muke tare da sarewar, sai mu fara wa yara da rubutun kiɗan Turawa a allo, kafin kunnensu ya ƙoshi.

Shi ya sa nake gayyato mai algaita aji. Yara su zura masa ido: kumatu a kumbure, yana shaƙar iska ta hanci yana tura wadda ya tara a baki, busar ba ta yankewa ko kaɗan. Sai in ba kowa kofin ruwa da tsinken shan lemo, in ce a hura, kada kumfar ta tsaya. Wasu ruwan ya sarƙe su, aji ya ɗauki dariya. Amma ranar da yaro ya dace, da kansa yake neman a nuna masa yadda ake rubuta abin da ya busa.

Akwai kuma batun mutunci. Tun wajajen 1980 Latif ya daina busa a duk inda ake sayar da giya, alhali a irin wuraren ne mabusan jaz suka fi samun na abinci. Ya riƙe koyarwa da tsara kiɗa har ya rasu a 2013 yana da shekara 93. Wannan yana yi mini amfani sosai wajen iyaye. Wani uba ya same ni ya ce, "Malam, ni fa tsorona kada yaron nan ya lalace." Ban ga laifinsa ba. Na ba shi labarin Latif, na roƙe shi ya zo ya zauna a ajin ranar Laraba ya ji abin da ɗansa yake busawa.