Girgizar Birki a Babbar Mota: Darussan da Na Koya a Gareji

Direbobi da yawa sukan shigo gareji sun riga sun yanke hukunci cewa birki yana girgiza, don haka a sa musu sabuwar fata. Abin da wannan aiki ya koya mini shi ne, ba kasafai fatar birki take zama tushen girgiza ba, kuma bakaniken da ya canja ta ba tare da ya auna faifai ba, wato ƙarfen da ke juyawa tare da taya wanda fatar ke matsewa, yawanci motar takan dawo masa da ƙorafin da ta zo da shi tun farko.

Kafin a ɗauko jak, ya kamata a tambayi direba inda yake jin girgizar. Idan sitiyari ne ke rawa a hannunsa lokacin da ya taka birki, hankali yakan koma ƙafafun gaba, idan kuwa kujera ce da jikin motar, sai a duba na baya. Girgizar da take nan ko ba a taka birki ba, wannan ta taya ce, ko boris, ko tayarod. Bugun da feda ke yi a ƙafa sa'ad da aka taka da ƙarfi a hanya mai santsi kuwa aikin ABS ne, na'urar da ke hana taya kullewa, ba lalacewa ba.

Kowa yakan ce faifai ya lanƙwashe saboda zafi, amma awo yakan nuna wani abu dabam. Faifan da ya zauna a ɗan karkace yana goguwa da fata a wuri guda a kowane juyi, ko da direba bai taka birki ba, kuma bayan dubban kilomita sai wannan wurin ya fi sauran sirancewa. Daga nan duk lokacin da aka taka, fatar takan shiga ta fita bisa kaurin faifan, fistan da ke danna fatar ya tura man birki baya, ƙafar direba ta ji. Karkacewar da masu ƙera motoci da yawa suka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 ba, wato ba ta kai kaurin gashin kai ba, shi ya sa ido ba ya kama ta, sai agogon awo da ake kafawa a fuskar faifai ana juya shi a hankali. Kaurin kuma ana auna shi da maikuromita, ma'aunin ƙananan kauri, a wurare takwas kewaye da faifan, a kwatanta da mafi ƙarancin kaurin da aka buga a jikinsa, domin wanda ya kusa wannan iyaka ba a sassaƙe shi, canja shi ake yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wannan karkacewa take farawa daga hannun mai gyara. Tsatsar da aka bari a mazaunin faifai ta isa ta ɗaga gefe ɗaya, haka ma notin tayar da aka ɗaure da injin iska ɗaya bayan ɗaya a jere. A ganina, gogewar mazauni da burushin waya, da ɗaure noti tsallake-tsallake da sifanar da ke auna ƙarfi, sun fi tsadar fatar muhimmanci. Sai kuma ƙusoshin da kalipa, wato ƙarfen da ke riƙe da fatun, ke zamewa a kansu: idan suka bushe, fata ɗaya takan cinye ta bar 'yar'uwarta da kauri, kuma ganin haka a tsofaffin fatun da aka cire shaida ce cewa sai an wanke ƙusoshin an shafa musu giris mai jure zafi.

Ana canja fatun ƙafafu biyu da ke layi ɗaya, hagu da dama, tare, ba a barin kalipa yana reto a jikin tiyo, kuma a motar da ke amfani da man birki dole a taka feda sau da yawa har ta yi tauri kafin motar ta motsa, tunda an mayar da fistan ciki. Bayan haka sabuwar fata tana bukatar ta saba da faifai ta hanyar rage gudu a hankali sau da dama, ba tare da an tsaya cak ba. Direban da ya sauko daga gangare da kaya, birki ya yi zafi, sannan ya tsaya yana danne da feda, yakan bar tambarin fatar a fuskar faifai, kuma wannan tabon kaɗai ya isa ya dawo da girgiza a faifan da aka sa sabo.