Shekarar da aka sa allura a sitiroberi

Ina karatu a Birisben, Ostareliya, a watan Satumba na 2018, lokacin da aka fara tsintar allurar ɗinki a cikin sitiroberi, wani ɗan ƙaramin kayan marmari ja mai laushi. Wani saurayi ya haɗiye guntunta, sai asibiti. Kafin mako ya zagayo labari ya cika ƙasar, har ana cewa an gani a tuffa da ayaba.

A jihar Kwinsiland, inda Birisben take, aka fara, kuma lokacin kakar sitiroberi ne, kaya ya yi yawa, farashi dama a ƙasa yake. Sai manyan kantuna suka kwashe shi daga kanta. Wanda ya rage kuwa, da ƴan canjin aljihuna nake ɗaukar roba biyu. Manoma fa? Sitiroberi ba gero ba ne da za a zuba a rumbu a jira kasuwa ta gyaru. Kwana kaɗan ya ruɓe. Na ga hoton motoci suna juye shi tuli a bayan gona, abin ya tsaya mini a rai.

Gwamnatin jihar ta sa tukuicin dalar Ostareliya 100,000 ga wanda ya tona mai laifin, ta tarayya kuma ta ƙara iyakar hukuncin ɗaurin daga shekara 10 zuwa 15. Kantin Woolworths har allura ya daina sayarwa na ɗan lokaci, wanda ni dai dariya ya ba ni.

Ni ban fasa saye ba. Yankawa nake gida huɗu kafin in ci. Inna ta kira daga Zariya ta ce in bar shi gaba ɗaya, na ce to, wuƙa na hannuna.