Hure kunnen yaro: abin da zaman kotu ya koya mini

Na daɗe ina rubuta ƙara a wata kotun shari'ar Musulunci a nan Zamfara, kuma babu shari'ar da ke hana ni barci kamar ta riƙon yara bayan saki. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, uwa ce ke da haƙƙin riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji, ci da sha da sutura kuma suna wuyan uba. Sai dai kusan kullum za ka ji uba yana rantsuwa cewa an hure wa ɗansa kunne, ko gaisuwa ba ya yi masa.

Wani lauya ya taɓa ce mana ai Turawa sun sa wannan cikin cututtukan ƙwaƙwalwa. Na bi diddigi. Richard Gardner, likitan ƙwaƙwalwar yara a Amurka, shi ya raɗa masa sunan cuta a 1985. Amma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ba ta sa shi a kundinta na cututtuka na 2013 ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta cire sunan daga nata a 2020. Ni dai ina ganin sun yi daidai.

Hure kunne akwai shi, kuma zalunci ne. Na ga yarinyar da kakarta ta yi ta faɗa mata ubanta ya yafe ta, alhali mutumin duk wata sai ya aiko da masara. Amma da zarar an ce yaro ciwo ne da shi, wa zai ƙara sauraron bakinsa?

Akwai wani yaro ɗan shekara 9 da ya ƙanƙame zanen uwarsa, ya ƙi kallon uban. Wallahi a zuciyata na riga na yanke cewa zuga ce. Alƙali ya sallami kowa, ya bar ni da biro a hannu, ya sauko ya zauna kusa da shi.

"Ɗana, me ya sa ba ka son zuwa gidan Baba?"

Yaron bai ce uffan ba. Can sai ya juya ya ɗaga rigarsa. Shatin wayar wuta ne a bayansa, tsoho da sabo.

Na rubuta abin da na gani, hannuna na rawa. Aka ɗage zaman, aka aika a kira kawun yaron.