Godiya Bayan Auta Ta Samu Gurbin Karatu a Jami'ar Bayero

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi. Ina rubuta wannan godiya ne a madadin Umma da sauran mutanen gidanmu, domin kiran waya da saƙonni sun fi ƙarfin in amsa su ɗaya bayan ɗaya, kuma har yanzu gajiyar shekara uku ba ta sake ni ba. Kamar yadda yawancinku kuka ji, sunan ƙanwata Auta ya fito a shafin CAPS, inda hukumar JAMB ke sanar da gurbin karatu, Jami'ar Bayero ta ba ta gurbin karatun kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, kuma a daren ta danna amincewa. Takardar da muka cire daga shafin JAMB tana hannun Umma, ta adana ta a jakar da takardun marigayi Baba suke.

Ba zan maimaita labarin shekara ta farko da ta biyu ba, waɗanda suke tare da mu sun san shi. Abin da zan faɗa kawai shi ne, a karo na biyu da ta rubuta jarrabawar JAMB maki ya yi kyau, amma sakamakon NECO da ta sake rubutawa don gyara Kemistiri bai hau shafinta ba, saboda mun amince da maganar wanda ya ce ya ɗora ba tare da mun duba da idonmu ba. Jami'a ba ta ɗaukar wanda ba ta ga kiredit ɗinsa biyar ba, ciki har da Turanci da Lissafi, komai yawan makinsa. Wannan sakacin nawa ne, ni da nake sana'ar gyaran waya a Farm Centre, kuma na daɗe ina jin nauyinsa a zuciyata.

Na san a al'adarmu ba a fallasa mai alheri, kuma na san Malam zai yi mini faɗa idan wannan rubutu ya kai gare shi, amma yabon gwani ya zama dole. Malam, maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga koyar da Kemistiri, wata biyar ya ɗauka yana zama da Auta da wasu yara uku a zaurensa bayan sallar Isha'i, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Shi ya fara nuna mana cewa sanin karatu daban, sanin jarrabawa daban. Ya lissafa mana cewa tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, wato kowace tambaya rabonta daƙiƙa 40 ne kacal. Sai ya riƙa cire agogonsa yana ajiyewa a kan tabarma, ya raba musu tambayoyin shekarun baya, idan lokaci ya cika ya karɓe takarda ko an gama ko ba a gama ba. Shi ne kuma ya yi ƙarfin halin faɗa mata abin da mu muka kasa, a ranar da za a cike zaɓin kwas. Ya ce: "Auta, likitanci kowa yana so, guraben kuma kaɗan ne. Idan asibiti kike so ki yi wa hidima, ƙofarsa ba ɗaya ba ce." Ta yi kuka a ranar, ni ma ban ji daɗin maganar ba, amma yau ga amfaninta. Malam, Allah Ya saka maka da gidan Aljanna, Ya albarkaci zuriyarka, Ya sa iliminka ya zame maka haske a kabari.

Haka nan abokin sana'ata da shagonsa yake jikin nawa, wanda ya ba mu aron kwamfutarsa har tsawon wata biyu, Auta ta saba da madannan A, B, C, D da N da P, waɗanda ake zaɓen amsa da matsawa gaba ko baya da su a jarrabawar JAMB ta kwamfuta, har hannunta ya daina rawa. A shekarar farko rashin wannan sabon ne ya cinye mata lokaci. Allah Ya buɗa maka kasuwarka, ɗan'uwa.

Amma abin da ya hana ni barci har yau shi ne safiyar jarrabawa. Mun fita ana idar da sallar Asuba, adaidaita sahu ya sauke mu gari bai gama wayewa ba. Da yake ba a yarda iyaye da 'yan rakiya su matsa kusa da cibiyar jarrabawa ba, sai na tsallaka titi na tsaya a gindin wata darbejiya, ina hangen layin da ake tantance su da zanen yatsa. Auta ta ƙi yin lalle ko a lokacin Sallah, saboda gargaɗin da JAMB ta yi cewa yana hana na'ura gane yatsa, don haka hankalina a kwance yake ta wannan ɓangaren. Abin da ba mu yi tunaninsa ba shi ne wankau. Watanni ta yi tana taya Umma wankin kayan mutane, sabulu ya cinye mata fatar yatsu.

Daga inda nake na ga layi yana tafiya, na ga an ware mai shuɗin hijabi an tsayar da ita a gefe. Na gane ta. Babu waya a hannunta, domin ba a shiga da ita, ni kuma ba ni da ikon tsallaka titin nan. Na ƙirga yara fiye da ashirin da suka wuce ta suka shiga. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a kan wani dutse ina maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil, ina tunanin da wane baki zan koma in gaya wa Umma cewa shekara ta uku ma ta tafi tun kafin a ga tambaya ko ɗaya.

Sai bayan ta fito ta ba ni labarin sauran. Wata baiwar Allah daga cikin masu tantancewar ce ta bar kujerarta ta zo ta kama hannunta, ta ce: "'Yata, daina kuka. Yatsu goma aka ɗauka ranar rajista, ɗaya zai amsa da yardar Allah." Ta sa ta goga yatsun a goshinta don su yi laushi, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsawa ko gaggawa ba, har na'ura ta karɓi ɗan ƙaramin yatsan hagu. Ba mu san sunanta ba, ba mu san unguwarsu ba, ni ko fuskarta ban gani ba. Umma ta sa ta cikin addu'ar da take yi wa 'ya'yanta bayan kowace sallah. Hajiya, duk inda kike, Allah Ya tsaya miki a ranar da babu mai tsayawa wani, Ya haɗa 'ya'yanki da masu tausayi irinki, Ya yaye miki duk abin da yake damunki.

Muna godiya ga Gwaggo, wadda ta sayar da tunkiyarta aka biya kuɗin rajista, da matan layinmu da suka ɗauke wa Auta wankau a makon jarrabawar tantancewa ta jami'a. Akwai 'yan'uwan da muka sa ran ganin ƙafarsu a cikin shekarun nan uku, musamman waɗanda Baba ya riƙe da hannu biyu yana raye, amma shawarar da ta iso mana daga wajensu ita ce a haƙura da boko a aurar da ita. Mun ga saƙonninsu na murna a wannan makon, mun kuma karɓa, Allah Ya bar zumunci.

Ga waɗanda har yanzu suke jiran sunansu, ina roƙon ku duba da idonku cewa sakamakonku na WAEC ko NECO ya hau shafinku, ku kuma riƙe layin wayar da kuka yi rajista da shi, domin ta kansa saƙonnin JAMB suke zuwa. Allah Ya fito da ku kamar yadda Ya fito da ita. Littattafan Auta da tambayoyin shekarun baya suna zauren Malam, ya ce duk yaron unguwa da yake buƙata ya zo bayan Isha'i.

Ya Allah Ka jiƙan Baba, Ka kai haske kabarinsa. Shi ya fara kai ta makaranta a bayan kekensa. Ranar Litinin in sha Allahu ni zan raka ta jami'a rajista.