Yadda ƙirƙirarriyar basira ta taya mu karanta doka kafin sayen fili

Yayana ya ga wani fili a bayan gari a nan Kano, yana son ya yi shaguna a ƙasa, gida a bene. Filin ya yi araha, amma babban layin wuta ya ratsa ta gefensa. Dillali ya ce ba komai, ai kowa ya yi gini a wurin. Yaya ya ce mini, "Kai da ka iya waya, bincika mana kafin in saki kuɗi."

Da na tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da layin wuta, nan take ta zubo amsa tsaf. Sai dai ƙa'idojin Amurka ta kawo, kuma ba ta faɗa ba sai da na matsa mata. Daga nan na sauya salo. Na nemo Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da ƙa'idojin 2015 na NERC, hukumar da ke tsara harkar wutar lantarki a Najeriya, na liƙa mata, na ce ta amsa daga cikinsu kawai, ta faɗi sashe, abin da babu ta ce babu.

A nan ne na ga amfaninta. Ta nuna mini cewa sashe na 1 ya damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sashe na 22 kuma ya ce mai takardar mallaka ba zai sayar ba sai da amincewar gwamna. Ke nan takardar ciniki da shaidu da sa hannun mai unguwa ba su gama magana ba. Abin da ya fi shiga raina shi ne yadda ta raba abubuwa biyu da mutanenmu ke haɗewa: mallakar fili daban, izinin gini daban. Kana iya riƙe da takardarka ta gaskiya, a zo a shafa wa katangarka jan fenti saboda KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ba ta amince da zanenka ba. Mutane da yawa a nan suke kuka.

Kan layin wuta kuwa, manhajar ta fara da tambayata ko wane iri ne. Mai 132kV (kV ma'aunin ƙarfin wutar da layi ke ɗauka ne) ana bar masa mita 30, wato 15 kowane gefe, mai 330kV kuma mita 50. Muka je da magini da tef, muka auna daga tsakiyar layin. Duk inda Yaya ya tsara shaguna yana cikin tazarar da aka hana gini.

Tazarar gini daga titi ba ta cikin takardun da na ba ta, ta kuma faɗi haka. Hakan daidai ne, domin tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 tsara birane aikin jihohi ne, dole mai zane ya samo alƙaluman daga hukumar jiha. Akwai kuma abin da ko kusa ba ta tayar ba, magini ne ya tuna mana: tagar bene da za ta riƙa leƙa tsakar gidan maƙwabci, rigimar da kan kai mutane gaban alƙali.

Yaya ya fasa sayen. Filin da yake dubawa yanzu, lauya ne ya fara bin takardunsa a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, da jerin tambayoyin da ni da manhajar muka tsara masa.