Daga wasan daɓe zuwa gaban kyamara: abin da 'yar wasa daga Bauchi za ta tarar

Yawancin 'yan matan da ke sha'awar fim a Bauchi da Gombe a wasan daɓe suke buɗe ido: kulob ɗin dirama na sakandare, ƙungiyar unguwa, ko wasannin faɗakarwa kan rigakafi da karatun 'ya mace. Ba abin rainawa ba ne, don Kannywood ɗin kanta daga nan ta taso. Ƙungiyar wasan daɓe ta Tumbin Giwa ce ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990. Sai dai abin da ya sa aka tafa miki a dandamali, sau da yawa shi zai sa darakta ya ce a sake.

A daɓe, na kujerar ƙarshe ake yi wa wasa. Ki ɗaga murya, ki ware hannu, kada ki ba 'yan kallo baya. Kyamara kuwa idan ta matso, fuskarki kaɗai ce a allo, zaro idon da ya burge zaure guda sai ya koma abin dariya. Maganin ba shi da tsada. Jingine waya kamar taku biyu daga inda kike, ki faɗi magana ɗaya sau uku, kowane karo ki rage rabin motsin, sannan ki kalla. Na ukun ne yawanci ya yi daidai. Haka muryar: makirufo na saman kanki ko maƙale a wuyan riga, ihu fasa sauti yake yi. Awarwaro da sabuwar shadda mai ƙarar sitaci su ma suna shiga, a tuna da su kafin a fara ɗauka.

Inda sabuwar jaruma ta fi shan wuya shi ne rashin jeri. Wasan daɓe daga farko yake tafiya har ƙarshe, zuciya na hawa a hankali. A lokeshan kuwa, wato wurin ɗaukar fim, gidan da aka aro shi ke tsara aiki, duk sin, wato fitowa, da ya faɗo a falon nan yau za a ɗauke shi. Da hantsi ana sakinki, bayan azahar ke amarya ce a gidan. Saboda haka ki riƙe ƙaramin littafi, kowane sin ki rubuta lambarsa, abin da ya faru kafinsa, da kayan da ke jikinki. Ki sa a ɗauke ki hoto biyu, gaba da gefe, kafin ki sauya kaya. Ɗaurin ɗankwali da ya karkata hagu a tsakar gida ba zai karkata dama ba idan kin shiga ɗaki, ko da mako uku ne tsakanin ɗaukar biyun. Ƙunshin lalle ya fi komai tona asiri, musamman a fim mai dogon zango: baƙi wuluk a ƙofar gida, ya koɗe a zaure. Akwai mai lura da wannan a kowane aiki na kirki, amma mutum ɗaya ne da 'yan wasa goma, kuma ke za a yi wa ba'a a Facebook.

Sai harshe. Bausanci ba ya cika bambanta namiji da tamata a sunayen abubuwa, "motan Alhaji" ba laifi ba ne a unguwannin Wunti ko Jahun na Bauchi. Idan rawar ta 'yar cikin birnin Kano ce, "motar Alhaji" za a nema. Ki koyi Kananci da kunne, amma kada ki yar da naki, akwai rawar da shi ne zai raba ki da sauran.

Hanya a buɗe take, jaruma Jamila Nagudu daga ƙaramar hukumar Toro ta jihar Bauchi ta fito, amma aikin ba a gida yake ba. Ofisoshin furodusoshi na Kano, wajen titin Gidan Zu. Jos ce ta fi kusa da Bauchi, can ne Hukumar Finafinai ta Najeriya da makarantarta ta koyar da fim suke. Wadda za ta yi aiki a Kano ta yi rajista da Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ta kuma shiga ƙungiyar 'yan wasa. Ta tafi da yardar iyaye da sanin inda za ta sauka. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya saka ki a fim, ko ya ce a haɗu a otal a gwada ki, ba furodusa ba ne.

Maganar sallama a gama ta kafin a kunna kyamara: kuɗin na sin ne, na kwana, ko na aikin gaba ɗaya, kuma wa zai biya mota da masauki da ɗinkin kaya. Kunya ce ke cutar mata a nan. Hirar da dattijuwar 'yar wasa Ladin Cima ta yi da BBC Hausa a 2022, inda ta ce dubu biyu zuwa biyar akan ba ta bayan shekaru masu yawa tana wasa, ta tayar da ƙura ne don ta taɓo abin da ba a son faɗa.

Shekarun fitowa a budurwa ba su da yawa. Da dama aure ke fitar da su, wasu su dawo su tarar an yi sabbin fuska, sai rawar uwa, kishiya ko uwar miji. A nan horon daɓe ke dawo da riba, don waɗannan rawar da murya da iya zaman magana ake cin su, kuma fim mai dogon zango na Arewa24 ko YouTube yakan riƙe uwa ɗaya zango bayan zango.